Iska Ɗaya, Suna Biyu a Gidanmu

Shekarar da 'yata ta fari za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, ita ce shekarar da surukina ya dawo gidanmu na Unguwar Sarki da zama, bayan rasuwar matarsa. Ni malamar kimistiri ce a wata makarantar 'yan mata a Malali, can yarinyar take karatu ita ma. Burinta makarantar koyon aikin jinya, kuma ba a shiga sai da kiredit a kimistiri. Na ɗauka wannan ba abin damuwa ba ne tunda uwarta ce malama. Ashe da sauran aiki a gabana.

Baba, haka nake kiransa, a ɗakin gwajin ruwa na gwamnati ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma yana ji da iliminsa. Kullum bayan la'asar a shimfiɗa masa darduma a gindin mangwaro, ya ƙwala wa jikarsa kira.

"Amarya, kawo littafin nan in ga abin da uwarki take ɗura miki."

Rigimar duk a kan suna ce. Idan sinadarai biyu da ba ƙarfe ba suka haɗu, mutanen zamanin Baba ƙirga ƙwayoyin kowane sinadari suke yi su sa a sunan: mono ɗaya, dai biyu, tirai uku. Iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi tana da kabon ɗaya da oksijin biyu, don haka a wurinsa kabon dayoksaid ce. Mu kuwa a makarantunmu an daɗe da komawa wata hanya. Lambar Rum muke sa wa sinadarin farko, mai nuna ƙarfin haɗuwarsa, sai iskar nan ta zama kabon fo oksaid, wato mai lamba huɗu. Masu duba jarrabawa wannan suke nema. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Baba ba ƙarya yake ba, duniya na amfani da sunayensa har gobe. Sai dai duniya ba ita za ta duba takardar 'yata ba.

Ina kicin ina jin sa yana cewa, "Wane irin fo? Ƙirga min oksijin ɗin nan. Biyu ko? To ina huɗun ta fito?" Ni kuwa in yi ta buga muciya a tukunya. Surukar kirki ba ta gyara wa uban miji magana, ko ido ba ma haɗawa. Na kai ƙara wurin maigidana, ya ce in yi haƙuri, tsoho ne, hira yake nema. Shi ke nan fa, ya ɗauki mukullin motarsa ya tafi ofis.

Sai na koma yi wa yarinyar darasi da ƙarfi a bakin kicin, yadda na tabbata muryata za ta kai gindin mangwaro. Ya gane sarai. Washegari ya ba da amsa ta bakinta.

"Amarya, ki faɗa wa masu sabon ilimi, ruwan da suka sha suka girma, da tsohon suna muka gwada shi."

Haka muka yi ta yi, ni da shi ba mu taɓa ce wa juna uffan a kan maganar ba, yarinya tana tsakiya kamar tabarmar da mutum biyu ke ja.

A jarrabawar gwaji abin ya fashe. An ce su rubuta sunan iskar numfashi. Ta tuna biyun kakanta, ta tuna lambar Rum ta uwarta, sai ta haɗa su ta rubuta kabon tu oksaid. Wannan kuwa sunan wata iska ce dabam, mai guba, wadda janareta ke fitarwa ta kashe mutane a ɗaki. Haka ta bi sauran sinadarai, su salfa da naitirojin, duk ta dagula. Abokiyar aikina da ta duba takardar ta kawo min har tebur, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ranar na ji kunya, na kuma ji tsoro, don jarrabawar gaske ta matso.

Abin da ni ba ni da bakin faɗa, jika tana da shi, tunda akwai wasa tsakaninta da kakanta. Da ya kira ta da yamma, ta tsaya daga nesa, idonta jawur.

"Tsoho, kai ka kayar da ni. Ilimin naka ya tsufa kamar kai. Na fasa auren."

Da sigar wasa ta faɗa, amma da gaske take. Bai yi dariya ba. Daga ranar bai sake cewa a kawo littafi ba. Na samu abin da nake so, yarinya ta daidaita, sunaye suka zauna mata. Amma duk la'asar idan na leƙa ta taga, sai in gan shi shi kaɗai a kan darduma yana jan carbi, shayinsa ya huce. Haushinsa nake ji, ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushin kaina da nake jin tausayin.

Ranar jarrabawar kimistiri da safe na durƙusa na gaishe shi, zan tashi ya yi gyaran murya.

"Malama," ya ce, yana kallon mangwaro, "iskar nan ta numfashi, me kuka ce kuna kiranta yanzu?"

"Kabon fo oksaid, Baba."

"Ta janareta fa?"

"Kabon tu oksaid."

Ya maimaita su a hankali, leɓensa na motsi. Da yarinyar ta fito da hijabinta da biro a hannu, ya kira ta, ya faɗa mata su daidai, ya ce kada ta kuskura ta haɗa. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta durƙusa ya dafa kanta ya yi mata addu'a.

Tambaya biyu kacal, da tun farkon shekara ya yi min su, da duk ba mu sha wannan wahalar ba. Na shige kicin da niyyar yin tsaki, sai na tarar hawaye ne ke zubo min.