Matata Ba Ta Iya Waƙa Ba

Ni na kashe waƙa a gidana, kuma da bakina na kashe ta. Gara in faɗi wannan tun yanzu kafin in fara yabon kaina, don in na fara ba na tsayawa da wuri.

Sana'ata sayar da waƙa. Na fara da kaset a wani ɗan shago kusa da tsohuwar kasuwar Lafia. Kaset ya mutu na koma sidi, shi ma ya bi sahu, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. Yanzu ina zaune gaban kwamfuta ina tura wa mutane waƙoƙi a memori, amma har gobe Oga Kaset ake kirana. Wanda ya fi shekara ashirin yana jin waƙa daga safe zuwa magariba dole ya ɗauka ya san waƙa. Ni kam na ɗauka har na wuce gona da iri.

A ƙofar shagon akwai benci, a kan bencin kuma akwai gardama, kullum ta Allah. Babban abokin gardamata Sajan ne, tsohon mai busa saksafon a bandar 'yan sanda. Mutumin Doma ne, ya yi ritaya da manyan kumatu da taurin kai. Shi jaz ne tuwonsa da miyarsa.

"Oga Kaset, kai ba ka gane ba," haka zai fara, da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "A jaz, mai busa bai san inda za shi ba sai ya kai. Waƙa ya gudu, ka bi shi, ka kamo shi a wani wuri."

"Wannan ɓatan hanya ne, Sajan. Mutum huɗu sun fito daga gidan burkutu, kowa yana laluben ƙofar gidansa, kai kana tafi."

"Bakinka ya fi kunnenka girma."

"Kumatunka sun fi ƙwaƙwalwarka."

Sai a yi dariya a sayi rake.

Ni abin da nake taƙama da shi hamoni ne, wato muryoyi uku ko huɗu su ɗauki waƙa ɗaya, kowace ta bi hanyarta daban, su haɗu su yi daɗi. A kaset-kaset na mawaƙan kudancin Afirka na fara jin abin, ya shiga raina. Daga nan na naɗa wa kaina rawanin malamin hamoni na Lafia da kewaye. Duk wanda ya zauna a bencina sai ya sha lacca. Mutanenmu ba su san haɗa murya ba, in ji ni. Jagora ya faɗa, 'yan amshi su maimaita kamar 'yan firamare suna bin malami. Mawaƙan zamani kuwa kwamfuta ce ke musu komai, a cire wuta a gani. A nan kaɗai muke shiri da Sajan. Mun tsani mawaƙin da zai hau dandamali ya kunna waƙarsa a laftof yana motsa baki kamar kifi.

To, ga matata. Tun da na auro ta take waƙa. Tana wanke-wanke tana waƙa, tana feren doya tana waƙa, tana goyo tana waƙa. Sai dai waƙar tata ba kai ba gindi. Za ka ji baitin da ka sani, kalmomin daidai, amma muryar ta bi ta gefe. Inda ya kamata ta hau sai ta tsaya, inda kowa ke sauka sai ta ɗan ɗaga, wani lokacin ta maƙale a wuri ɗaya kamar mota a taɓon Adogi. Da na saya mata waya na cika mata memori, na haɗa mata da iyafis, abin sai ya ƙaru. Ta toshe kunnuwa tana bin abin da ita kaɗai ke ji, mu kuma muna shan azabar abin da ke fitowa. Na sha tsokanarta a ɗaki, ta yi murmushi ta ce, "Baban yara, ka bar ni da kayana."

Wata babbar Sallah abokaina na benci suka zo cin nama. Sajan bai zo ba, ya tafi Doma duba gonarsa. Muna zaune a tsakar gida ina ta zuba laccar hamoni, sai muryarta ta taso daga kicin. Wani ya ɗan karkata kai. Ni kuma Shaiɗan ya hau harshena.

"Kada ku tsorata," na ce da ƙarfi. "Rago mun yanka tun jiya. Wannan da kuke ji Madam ce."

Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware da zoɓo. Waƙar ta tsaya cak. Bayan ɗan lokaci ta fito da tiren soyayyen nama, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe da kowa, ta koma. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Waƙa kawai ta daina.

Da farko har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Bayan wata guda gidan ya fara yi mini wani iri. Ƙarar cokali, ƙarar famfo, kukan yara, shi ke nan. Na gwada cewa, "Maman yara, yau ba rediyo ne?" Ta ce batir ya ƙare. Na san na yi ɓarna, amma girman kai ya ce mini ai gaskiya na faɗa, in mutum bai iya abu ba bai iya ba. Haka muka ci shekara biyu. Ina kewar muryar da nake zagi, na kuma rasa yadda zan yi in dawo da ita.

Sai Sajan ya tashi aurar da autarsa. Ango ya ɗauko wani matashin mawaƙi daga Kaduna, irin waɗanda ake rububin waƙarsu a shagona, mai tabarau da ɗamammen wando. Sajan ya kafa sharaɗi ɗaya a matsayinsa na uban amarya: ba laftof. Mai kibod zai zauna, mai ganga zai zauna, shi kuma zai busa, yaro ya buɗe baki ya yi waƙa kamar ɗan halak. Sati biyu bencina bai da zance sai wannan. Ni na rantse yaron zai tona wa kansa asiri kafin baiti na biyu. Sajan ya ce a bar shi da shi, ya taɓa sa kurtu mai muryar jaki ya yi faretin gwamna.

Ranar biki, bayan azahar, aka cika wani zauren taro a hanyar Makurdi. Maza a gefe, mata sun yi anko sun cika ɗaya gefen, matata a cikinsu. Labari ya zo cewa 'yar amshin mawaƙin ba ta iso ba, motarsu ta lalace bayan Akwanga. Na gyara zama na ce wa na kusa da ni, "Yau akwai kallo."

Yaron ya fara. Gaskiya muryarsa ba laifi, sai dai ta fito tsirara, ba abin da ya rufa mata baya, shi ma ya ji hakan. Gumi ya keto masa. Da ya kai amshi sai ya yi dabarar da duk mawaƙi ke yi in ya shiga uku, ya juya makirfo wajen mata. Suka ɗauka gaba ɗaya, murya ɗaya kamar yadda take a memori.

A ƙarƙashin muryoyin nan akwai wata da ta bi ta gefe. Ko cikin kasuwar doya aka saka ta zan gane ta. Muryar matata ce. Ta ɗauka taro zai ɓoye ta, shi ya sa ta saki baki.

Sajan ya cire saksafon daga bakinsa. Mawaƙin ya ɗaga hannu, "Tsaya, tsaya. Wace ce wannan? A sake." Aka sake. Ya sauko daga dandamali yana bin layin kujeru da kunne har ya tsaya a kanta, ya miƙa mata makirfo. Wallahi na miƙe tsaye. Niyyata in je in ce ba ta jin daɗi, in ceci mutuncin gidana kafin Lafia ta samu abin faɗi na shekara. Kafin in fita daga layinmu ya ɗauki amshin, ita kuma ta shiga.

Irin waƙar kicin ɗin nan ce, ba ta canja ko ɗigo ba. Wurin da take maƙalewa ta maƙale, wurin da take ɗagawa ta ɗaga. Amma yanzu akwai muryar yaron a samanta, sai ga kowace karkata tata ta faɗa gurbinta daram. Tsigar jikina ta tashi. Abin da na shekara ashirin ina wa mutane lacca a kansa ne, yana fitowa daga bakin matar da na kira rago.

Yaron ya ji daɗi har ya manta da waƙarsa. Ya saki hanya ya shiga ƙirƙira nan take, yana yabon amarya, yana tsokanar ango, yana jan murya inda ba a taɓa ja ba. Duk inda ya karya tana ƙarƙashinsa, ba ta san inda za shi ba amma ba ta ɓata ba. Sajan ya shigo da busa ta tsakaninsu, kumatu kamar za su fashe, idanu rufe. Mata suka ɓarke da guɗa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ni dai ina tsaye a tsakiyar layi, wani yana ja mini riga yana cewa, "Malam, zauna mana, ka tare mu."

Da aka tashi Sajan ya kamo ni a bakin ƙofa, yana haki.

"Oga Kaset! Alto kamar wannan yana gidanka ba ka taɓa faɗa ba? Kai mugu ne!"

"Me yana gidana?"

"Alto! Murya na biyu, na ƙasa. Wannan ba a makaranta ya koya ba, hannun matan zumunta ne. Tambaye shi."

Wani daga cikin waɗanda suka ci naman Sallar nan yana gefe, ya ce, "Sajan, ai rago ne." Ya ba shi labarin kaf. Sajan ya dube ni daga hula har takalmi. Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

"Kai ba ka taɓa jin murya ɗaya shi kaɗai ba," ya ce. "Kullum dafaffe kake saya. An kawo maka ɗanye har gida ka ce guba ne."

A hanyar gida, cikin keke napep, na tambaye ta. Ta ce tana ƙarama an kai ta riƙo wurin kakarta ta wajen uwa a Assakio, tsohuwar kuma 'yar zumunta ce a coci. Duk yamma matan suna taruwa a tsakar gidan suna koyon waƙa, ita tana zaune a jikin kakar, kakar kuwa murya ta biyu take ɗauka. Abin da ya zauna mata a kunne ke nan. Ko wace waƙa ta ji, ta ƙasan take ji.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya wa wa? Kai da ka san waƙa?"

Mai keke ya leƙo mu ta madubi. Kunya ta ishe ni, ga baƙin ciki, don na gane shekara goma sha ɗaya tana rera rabin waƙa a gabana, ɗaya rabin yana cikin kanta, ni kuma ban taɓa tunanin in tambaya ba.

Na ba ta haƙuri a ranar. Ta ce ba komai, ya wuce. Na zaci shi ke nan. Kwana uku, kicin shiru. Sati guda, shiru. Na tura mata sababbin waƙoƙi, ta yi godiya ta ajiye wayar a kan firij. Na kai kukana wurin Sajan, a karon farko a rayuwata na zauna a bencina ba don gardama ba.

"Haƙuri ba waƙa ba ne," in ji shi. "Alto ba ya tafiya shi kaɗai, ka riga ka koya masa kunya. Sai wani ya tsaya a sama."

"Wa zai tsaya?"

"Ubanka," ya ce, ya ci gaba da shan rakensa.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne, duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin na rera ko baiti ɗaya. Ina da dalili. Muryata irin ta ƙofar langa-langa ce da ta sha ruwan sama.

Ran Asabar da hantsi tana zaune a ƙofar kicin tana feren doya. Na zo na tsaya a bayanta, na yi gyaran murya, na ɗauko waƙar bikin nan daga farko. Yara suka fito daga ɗaki da gudu su ga abin da ya faru. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba, ta bar ni na ci baiti guda cur ni kaɗai, ina gumi.

Sannan ta ce wa babbar 'yarmu, "Je ki duba, ragon wa ya kwance?"

Yaran suka faɗi ƙasa don dariya. Na ci, na haɗiye, ai bashina ne aka biya ni. Ban tsaya ba. Na shiga baiti na biyu da muryar da ta fi ta farko muni, na nufi amshi ina rawar murya, na san in na kai can ba kowa to shi ke nan, na kashe ta har abada.

Na kai. Wuƙar ta tsaya a jikin doyar.

"Baban yara, ka sauko da yawa," ta ce, ba ta juyo ba. "Nan wurina ne. Hau sama."

Na hau iya yadda maƙogwarona ya yarda. Ta shigo ta ƙasa.