Ranar da na kasa zama a gaban surukina

Ina gaishe ku tare da masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, ido ya yi rauni, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Lokacin da Annasara suka shigo Agadas kuwa ƙarfina na nan, ban daɗe da aure ba, ina zaune a wani ɗan ƙauyen masu garka, wato lambu, a bakin kori, rafin da sai da damina yake kawo ruwa, tafiyar hantsi daga birni. Aikina kora sa a bakin rijiya, yana jan guga ina juya ruwa cikin fangalin alkama da albasa. Allah ya yi ni dogo, ga murya, ga bakin da ba ya gajiya. In ana taro ni ke sa mutane dariya, kuma abin ya shiga kaina ƙwarai. Mai garinmu surukina ne, uban matata, dattijo marar yawan magana. Shi ke raba rigimar iyaka, shi ke faɗin ranar da za a fara shuka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in ratse in durƙusa har ya wuce. Haka aka rene mu, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini.

Wata rana saƙo ya iso cewa kumandan, shugaban sojan Annasara a birni, yana son kowane ƙauye ya turo mai garinsa. Mun riga mun ji daga bakin 'yan ayari yadda ake ɗaure masu gari a rana a can kudu, ana dukan tsofaffi a gaban jikokinsu. Manya suka taru gindin gawo suka yanke shawarar ba za su kai dattijo ba, za a naɗa wa wani rawaninsa ya tafi a madadinsa. Suka ce ni na dace, don ina da tsawo, ina da baki, kuma tunda gidansa nake aure ba zan tona ba. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, shi surukin nawa. Ya ce in duka ne ke zuwa, bayansa aka nufa, bai ga dalilin aron na wani ba. Aka fi ƙarfinsa da roƙo. Ni kuwa wawa, daɗi ya kama ni. Aka sa mini rigarsa, ta tsaya mini a ƙwauri, mata suna leƙe suna ƙunshe dariya, na hau raƙumi ina hura hanci.

Abin ya tafi daidai har wani lokaci. In kumandan ya kira, in sa riga in je in durƙusa, duk abin da mai fassara ya faɗa in ce to. In na dawo in tuɓe rigar a zaure, in aika wa dattijo saƙon ta bakin ƙanensa, in koma bayan sa. Da la'asar samari su kewaye ni in kwaikwayi tafiyar kumandan da yadda yake jan gashin bakinsa, har wasu su faɗi ƙasa don dariya. Muna ganin mun fi Annasara wayo, kuma ni na fi kowa yarda da haka.

Sai ga shekarar da soja suka yi yawa a birni, aka ce kowane ƙauye ya kawo shanunsa a yanka musu. Mu ba makiyaya ba ne, shanunmu na rijiya ne. In ba sa, ba ruwa, kuma alkama ta fara ɗaukar ciki a lokacin. Dattijo ya ce a kora shanun cikin duwatsu a ɓoye, maza da mata su ja ruwa da hannu kafin ƙura ta lafa, ni kuma in je in ce ciwo ya kashe su. Na je na faɗa. Kumandan bai ko ɗaga kai ba, ya sa aka kwantar da ni aka yi mini bulala har na daina jin bayana, aka jefa ni kaso, wato kurkuku. Can mai fassara ya same ni, wani mutumin Damagaram ne, ba mugu ba. Ya ce mini an tsegunta wa kumandan cewa ni rawani kawai ne, akwai mai gari na gaske a bayana, kuma shi ya ɓoye shanu. In na faɗi ko wane ne, a sake ni. Ya kuma gaya mini gaskiya, wanda aka kama ba lalle ya dawo ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, amma na rantse masa ni ne mai gari, ni kaɗai. Aka sake dukana, ban canza magana ba. Wannan dai har yau ban ji kunyarsa ba.

Kumandan ya ce shi zai je ya gani da idonsa. Aka mai da mini rigar a kan raunuka, aka tasa ni gaba har ƙauye, rana na tsaka. Soja suka tattaro maza daga garake. Aka shimfiɗa mini buzu gindin gawo, kumandan ya zauna kan kujerarsa kusa da ni, ya ce kowane namiji ya zo ɗaya bayan ɗaya ya gai da mai garinsa yadda aka saba. Shi ba ya jin Hausa, fuskoki yake kallo. Mutane suka jera. Abokan wasana suka zo suka durƙusa suna ce mini ranka ya daɗe, ba wanda ya yi murmushi. Kawunnan matata suka zo, na daure na amsa musu. Can wajen ƙarshe na hango surukina, an sa masa tsummar riga, ƙafafunsa duk laka, yana dogara fartanya kamar kowane talaka. Layi na ta raguwa. Ina ta faɗa wa kaina in zauna, in zauna kawai, in ɗaga masa hannu ya wuce, ransa ke nan. Har cinyata na dinga mintsina ta ƙarƙashin riga.

Ya iso. Ya ajiye fartanya, ya tuɓe takalmansa a hankali, ya fara lanƙwasa gwiwa. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Sai dai na gan ni na sauka daga buzu, gwiwoyina a cikin rairayi, kaina ƙasa da nasa, na juya fuska gefe. Da ni kaɗai ne, da wataƙila an tsira. Amma mutanen da ke tsaye, da suka ga gwiwar dattijo ta taɓa ƙasa, suka zube gaba ɗaya, na gaba da na baya, har matan da ke leƙe ta bayan darni. Ba wanda ya taɓa tsayuwa yana durƙushe, jikinsu bai san yadda ake yi ba. Mai fassara, Allah ya saka masa, ya yi maza ya ce wa kumandan wannan kunyar suruki ce, al'adarmu ce, tsohon uban matata ne. Kumandan ya dubi filin cike da mutane a durƙushe, ya ce a tambaye mu ko tsohon nan surukin gari duka ne.

Nan take aka ɗaure shi. Bai yi gardama ba. Kumandan ya ce a kawo shanu a sake shi. Dattijo ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce kada wanda ya fito da ko ɗan maraƙi sai alkama ta nuna. Sannan ya juyo wajena, ina nan ƙasa, ya kira ni ɗana, ya ce in tashi haka nan, ban yi komai ba sai abin da aka haife ni da shi. Aka tafi da shi a ƙasa, igiya a wuya. Muka yi ta gardama a kan maganarsa, wasu na cewa a bi umarninsa, wasu na cewa alkamar banza. Da muka kasa jurewa muka koro shanun muka kai birni, aka karɓe su, aka ce mana tsohon ya riga ya tafi cikin waɗanda aka tasa gabas ɗaukar kayan soja. Alkama ta bushe a tsaye, shi kuma bai dawo ba.

Kumandan ya bar ni a kan sarautar, ina ji don ya hore mu duka. Na riƙe ta shekaru masu yawa, ban ji daɗinta ko na wuni ɗaya ba, kuma ban sake kwaikwayon kowa ba. Na daɗe ina tambayar kaina ko da na daure na zauna da ya tsira. Da na faɗa wa matata haka, ta ce da na zauna ubanta na durƙushe, da ba ta sake shiga ɗakina ba. Ta faɗi haka tana kuka, kuma ban san ko ya rage mini nauyi ko ya ƙara ba.

Abin da ya sa na ce a rubuta wannan, ina jin yadda ake yi yanzu a ƙauyuka in maganar sarauta ko ta jam'iyya ta taso. Manya su laɓe, su tura yaro mai baki gaba, su ce ai suna kawai zai riƙe. Ku manya, ku sani ranar da abin zai ɓaci ba a yin shawara, kowa abin da ke cikin jikinsa zai fito. Kai kuma saurayi da ake yaba wa tsawo da murya, kafin ka ce to, dubi wanda za ka tsaya a gabansa, ka tambayi kanka ko za ka iya kallonsa yana durƙusa maka. Ni ban iya ba. Na binne matata, na binne 'ya'ya biyu, kowannensu na san inda yake kwance. Surukina kuwa, in zan yi masa addu'a sai dai in fuskanci gabas kawai.