Tankin Abu Sa'ud

A gida da masallaci, Zaharaddeen makanike ne. Haka matarsa Turai take faɗa wa mata a wajen biki, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba ta faɗin wane ɓangaren mota yake gyarawa.

A Mai Wurno ta Sudan aka haife shi. Ya zo Jidda umra yana saurayi, ya zauna. Shekara tara ya yi yana bin motar kwasar ruwan masai, kafin wani tsoho ɗan Pakistan ya ɗauke shi aiki a warsharsa, wato garejin gyaran mota, da ke Waziriyya. Can ake kawo karafan, motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, tsofaffin ƙirar Amurka da mutanen Jidda ke fita da su daji idan sanyi ya shigo. Kowa a warshar yana son inji, ba mai son tankunan ƙasa. Shi ya karɓe su. Ya koyi cewa biyu ne: na ruwan wanka da wanke-wanke, da kuma na banɗaki. Ya koyi liƙe tsaga, da canza mahbas, wato makullin da ake ja a zubar da abin da ke ciki. Da tsohon ya koma ƙasarsu, sai kafili, ɗan ƙasar da sunansa ke kan takardun warshar, ya bar masa wajen.

Yakan ce saboda 'yarsa Mastura yake ɓoye sana'ar. Amma tun kafin a haife ta yake wanka sau biyu a warsha, ya fesa turare kafin ya hau motar gida.

Yanzu ga wani saurayi, Sa'ud, yana neman auren Mastura, ita ma tana so. Mata sun gama nasu. Saura maza su zauna ranar Juma'a. Mahaifin yaron, Bandar, haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo a ƙafa, mutum mai farar riga da ba ta taɓa yamutsewa. Sau ɗaya suka gaisa a masallaci.

Ranar Talata da hantsi, wata tsohuwar karafan ruwan ƙasa ta tsaya a ƙofar warsha. Bandar ne ya sauko.

"Assalamu alaikum, ya Abu Mastura. Ashe nan ne wajen naka?"

"Nan ne, ya Abu Sa'ud. Marhaba. Inji ne?"

"La, inji lafiyarsa lau. Banɗaki ne ya ƙi wucewa. An ce duk Jidda ba wanda ya san wannan kamarka."

Zaharaddeen ya gane. Bincike ne ya zo yi da ƙafarsa, ya ga mahaifin amarya kwance a ƙarƙashin masai. Yana iya cewa aiki ya yi masa yawa, ya tura shi wani waje. Sai dai mutumin ya riga ya ga safar hannun roba da tiyon da ke rataye a bango, kuma hancinsa ya gaya masa sauran.

Ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi. Ya ƙwanƙwasa tankin da bayan sifana. Gefe ya amsa da ƙarar fanko, tsakiya kuwa ta yi dum kamar an buga buhun siminti. Ya duba mahbas: a buɗe yake, ya daɗe a haka har ya cije.

Ya san wannan kuskuren, na mutanenmu ne. Waɗanda suka ƙera motar da takarda suke tsarki, ƙaramin tanki ya ishe su. Mu kuwa da ruwa muke yi, kwana uku ya cika. Sai mutum ya gaji, ya haɗa tiyo da rami, ya bar mahbas a buɗe. Ruwa ya riƙa tsiyayewa, mai kauri ya tsaya, zafin Jidda ya gasa shi ya zama dutse. Amma mai fita daji ranar Juma'a ba ya tara dutse irin wannan. Wannan na wata shida ne ko fiye, safe da yamma, a waje ɗaya. Tayoyin ma sun nuna: gefe guda rana ta cinye, ɗayan na nan da baƙinsa.

Mutum yana zaune a cikin motar nan.

Yana kwance a kan kwalin, sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Daɗin ya ba shi kunya fiye da warin. Shekara talatin yana tsoron ranar da wani mai farar riga zai leƙo ya gan shi a haka, ga ranar ta zo, kuma abin da zuciyarsa ta fara nema shi ne inda shi ma zai soka.

Ya fito yana goge hannu. Bandar na tsaye nesa kaɗan, ya ja gefen gutrarsa, mayafin da ke kansa, ya rufe hanci.

"Yaya, usta, zai gyaru?"

"Zai gyaru. Zan cika shi da ruwan zafi ya kwana biyu yana jiƙa, sannan in fasa da tiyo. Mahbas kuma sabo." Ya tsaya. Yana iya yin shiru a nan, ya ajiye sauran don ranar Juma'a idan an taɓa shi. Ya ga ba ya son shiga gidan surukai da wuƙa a aljihu. "Amma ya Abu Sa'ud, kwana biyun nan ba a shiga banɗakin. Wanda ke kwana a ciki ya nemi inda zai sauka."

Bandar ya sauke gutrar daga hancinsa a hankali. Ya kalli motar, ya kalli titi.

"Tankin ne ya gaya maka?"

"Shi da tayoyi."

"Tun da aka rushe layinmu a Nuzla," in ji Bandar, Hausar tana kakkarye masa, Larabci na shiga. "Ummu Sa'ud tana wajen 'yar'uwarta a Aziziyya, yaron yana ɗakin da wajen aikinsu ya ba shi. Ni kuwa wallahi ba zan iya zama a falon mijin wata ba. Mutane sun ɗauka ina zaune a istiraha, gidan hutu a bayan gari."

"Kai kuma ka zo ka ga ko gaskiya ne abin da aka ce maka a kaina."

Bandar ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Rabi haka. Rabi kuma, ya shehu, kwana huɗu ke nan ina zuwa banɗakin masallaci."

Zaharaddeen bai san sanda shi ma ya dara ba. Ya jawo kujerar roba, ya goge ta da tsumma. Bandar ya zauna ba tare da ya duba ba.

"Mastura ta san aikinka?"

"Ta san makanike ne."

"Sa'ud ma ya san istiraha ce."

Wata babbar mota ta wuce tana hon.

"Akwai ɗaki a saman warshar nan, da na'urar sanyi," in ji Zaharaddeen. "Kwana biyu ne. Sai dai warin yana hawa."

"Halas, na karɓa. Juma'a kuma a gidanka za mu zauna, ka ga ni ba ni da majalisar saukar baƙi."

"To ka zo da wuri. Kafin maza su taru ina so in kira Mastura in gaya mata da bakina, kada ta ji a gidanku."

"Ni kuma nawa yaron?"

"Wannan kai ka sani, ya Abu Sa'ud. Yalla, kwaso kayanka, zan kunna ruwa."