Dillalin da Aka Kwaikwaya

Kawuna, yayan mahaifiyata, dillali ne a kara, wato kasuwar shanu ta Wudil. Wata Juma'a na kai masa saƙo sai na tarar da baƙo tsaye a bayansa, ba ya saye ba ya sayarwa, ido kawai ya zuba masa. Ɗan fim ne daga Kano. An ba shi rawar dillali, shi ne ya zo ya ga yadda ake yi.

Juma'a uku yana zuwa. Na tambaye shi me yake kallo haka.

"Hannunsa da hularsa," in ji shi. "Ka lura, kafin ya ce albarka sai ya tura hula ƙeya, ya ɗan dafa gadon bayan bijimin."

Ni da na tashi a gidan Kawu ban taɓa lura ba.

Da fim ɗin ya fito muka kalla ni da Kawu a wayata, a zaure, bayan la'asar. Ga tafiyar Kawu, ga dariyarsa ta gefen baki, har yadda yake naɗe hannun riga. Sai dai dillalin fim ɗin surutu gare shi, ga rantsuwa a kan ƙarya. Kawu kuwa yakan wuni a gida bai yi magana goma ba.

Da muka gama kallo, Kawu ya ce, "Jikin nawa ne. Bakin ne ban san inda ya samo shi ba."

Abin da ya ɗaure mini kai ya zo daga baya. Sababbin dillalai suka fara tura hula ƙeya, suna zuba zance irin na fim. Wani manomi daga Darki ya kawo bijiminsa, ya wuce Kawu ya nufi ɗaya daga cikinsu, wai shi ya fi kama da wanda ya san kasuwa. Na kwana biyu ina juya abin: wa ke kwaikwayon wa?

Da za a yi kashi na biyu na fim ɗin, mai ba da umarni ya ce Kawu ya fito da kansa. Aka kafa kyamara a bakin kara. Kawu ya yi ciniki yadda ya saba shekara da shekaru, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Sau huɗu ana maimaitawa.

Daga ƙarshe mai ba da umarnin ya sosa kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Masu kallo ba za su yarda kai dillali ne ba."

Kawu ya ce babu komai, ya ɗauki sandarsa ya koma cikin shanu. A hanyar gida yana ta dariya shi kaɗai.