Nonon da Inna Ta Juye wa Kwamfuta

Wallahi abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a gabana aka yi. Shekarun baya ne, lokacin da taki ya gagari talaka, ina ƙauyenmu ta wajen Bagwai ina buga wa makarantu takardun jarrabawa da wata tsohuwar kwamfuta, wuta kuma daga solar da na ɗora a kan kwano. Mai gyara ya sha ce mini in sayi abin da zai kare ta daga tsawa, to ana ta hatsi wa yake ta wannan?

A shekarar ƙanena Sani ya rasu, mota ta buge shi a kan babur ya ɗauko tumatir daga Watari. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba, ina dai tashi ina kwanciya. Abin da ya rage mana nasa wani ɗan bidiyo ne a cikin kwamfutar, yana dariya yana cewa, "Inna, a ajiye mini furata, yanzu zan dawo." Kullum bayan la'asar mahaifiyarmu za ta shigo ta zauna a tabarma, in kunna mata, ta ji, ta tashi ta fita.

Ran nan da rana hadari ya haɗo ina gona, kafin in iso gida aradu ta faɗa kan kwanon ɗakina, ta bi waya ta shiga. Na tarar da ɗakin yana ƙaurin roba, soket ya narke, Inna na tsaye da ƙwarya. Kun san mutanenmu, inda tsawa ta faɗa sai an zuba nono kafin a taɓa. Ashe ta riga ta juye shi kaf cikin kwamfutar, yana ɗiga ta ƙasa.

Na ce, "Inna, da kin bari, ƙila a ciro muryar."

Ta ce, "Haka ake yi."

Ko haushi ban ji ba, na cire wayoyin duka na zauna.

La'asar na yi sai ga ta kamar kullum, ta zauna. Na buɗe baki in ce mata babu, sai sifikar ta yi ƙara, wayar sifikar kuwa a cire take tana hannuna, na rantse da Allah. Muryar Sani ce, ba dariya:

"Inna, na sha. Ya isa haka."

Innalillahi! Wannan maganar ba ta cikin bidiyon, ni na haddace shi. Inna ta gyaɗa kai, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake neman a kunna mata ba. Mai gyara a Kano ya buɗe kwamfutar, ya ce tun faɗuwar tsawar komai na ciki ya ƙone.

Ku dai da kun ga hadari ku zare wayoyinku, muryar da kuke ji da ita kuma kada ku ajiye ta wuri ɗaya. Sauran ban sani ba. Har yau in na ji warin nono da damina sai tsikar jikina ta tashi.