Kusurwar da Na Yanke

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: wautar da ta fi kowace girma a rayuwata, da gwaninta na yi ta. Hannuna bai yi rawa ba, wuƙata ba ta kauce ba. Da a ce ana ba da lambar yabo ta yankan takarda, da yanzu tawa tana rataye a zaure. Kwana uku na yi ina jin kaina mai wayo, har ina tausayin masu ilimi.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a unguwar Koma ta Sokode. Allo na yi har na kai inda malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, wata biyu na yi, kuma abin da na fito da shi kawai shi ne yadda ake tsallake katanga. Wannan rubutun da kuke gani sai da furfura ta fito mini na zauna na koye shi, tare da mata masu sayar da doya, suna yi mini dariya.

Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, shi ne ya yi karatun gidanmu duka. Ya tafi Lome, ya tafi ƙetare, ya dawo yana koyarwa a babbar makaranta. Da na tambaye shi abin da yake koyarwa, sai ya ce yadda ake tsara littattafai a ɗakin karatu, yadda mutum zai nemi abu ya samu.

Na ce, “Mushe, wato duk wahalar da Inna ta sha, jera littafi ka koyo? Ai matata tana jera kwano, ba ta je ƙetare ba.”

Ya ce, “Yaya, matarka kwano nawa gare ta?”

Na ce, “Ka fara raini ke nan.”

Haka muke. Ina kiransa Mushe, yadda yara ke kiran malamin lakwal da Faransanci, don tsokana, yana kirana Yaya, ba ya ɗaga mini murya. Amma kowane hutu yana zuwa gida da wani aiki da ya ɗora wa kansa, wanda da shi yake son ya zama dokta. Malamanmu na Sokode da ƙauyuka suna da tsofaffin littattafai rubutun hannu, na Larabci da na ajami, waɗanda kakanninsu fatake suka zo da su. Suna cikin gafaka, suna cikin tukunya, wasu a ƙarƙashin gado. Ba wanda ya san me ke wurin wa. Shi kuwa ya ɗaura niyyar sai ya bi gida gida ya rubuta. Ni ne direbansa. Shekara tara ina ɗora shi a bayan babur, daga Koma zuwa Kparatao, wani lokaci har Sotouboua. Yana shiga zaure ya durƙusa gaban tsoho, ni in zauna a gindin bishiya ina cin gyaɗa ina yi wa masu wucewa ƙarya. Akwai malamin da sai da muka je sau bakwai kafin ya buɗe gafakarsa.

Kowane littafi kati ɗaya yake yi masa, ɗan farin kwali kamar tafin hannu. A tsakiya ya kwafi farkon littafin da ƙarshensa da rubutun Larabci. A sama, kusurwar hagu, ya sa wasu haruffan boko da lambobi. Har katunan suka cika akwatin katako huɗu.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Malaman nan ba su yarda a rubuta sunansu a kati ba, suna tsoron a zo a kwashe musu gado. Sai ya yi musu alkawari: kowane gida lamba zai ba shi. Sunayen suna cikin wani ƙaramin littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa. Lambar da ke kusurwar kati ita kaɗai ke faɗin a gidan wa littafin yake, a wace gafaka.

Sai ƙasa ta rikice. Ana ta kiran dimokuraɗiyya, mu a mahauta ba mu iya faɗinta ba ma, amma mun ga hayaƙin taya. Aka shiga yajin aikin nan da ya ƙi ƙarewa, makarantu suka rufe, mutane suka yi ta gudowa daga Lome da katifa a ka. Ƙanena ya iso gida da matarsa da akwatunansa huɗu, ya rame, idonsa ya faɗa. Wani abokin aikinsa an zo an tafi da shi da safe, gaban 'ya'yansa, har ranar ba labari. Ba ya son magana a kai.

Da yajin ya yi tsawo, wani malaminsa da ke can ƙetaren iyaka ta arewa ya aiko masa cewa ya taho da katunan, ya zauna wurinsa ya ƙarasa rubutu, a ba shi doktansa. Matsalar ita ce hanya. Daga Sokode zuwa Dapaong shinge ne bayan shinge, kuma mu mutanen Sokode an sa mana ido, ana cewa 'yan adawa ne mu duka. Malamin babbar makaranta da akwati huɗu na takarda, ai ko ni ne soja sai na sauke shi. Muka shirya cewa shi zai bi motar haya da jaka ɗaya, ni kuwa tunda dama ina zuwa Dapaong sayen shanu, zan sa akwatunan a bayan kamiyo, babbar motar ɗauko shanu da ke tafiya babu kaya. Mu haɗu a gidan mai masaukina.

Sati ɗaya kafin tafiyar aka kawo wani tela na unguwarmu a kan katifa. A shinge aka same shi da littafin awo, sunan mutum ga lambobi, sunan mutum ga lambobi: wuya, ƙirji, tsawon hannu. Sojoji suka ce jerin 'yan ƙungiya ne da lambobin sirri. Ya rantse, ya nuna musu igiyar awo, ba su ji ba. Na je gaishe shi. Bayansa kamar naman da aka buga za a yi kilishi, kuma ni na san kamannin nama. Kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba har ya mutu. Na fito daga ɗakin nan abu ɗaya ne ya zauna mini a kai, cewa lamba ce ke jawo wa mutum duka.

Ana gobe za mu tashi, bayan azahar, aka kawo akwatunan bayan gida inda nake babbaka, don in ɗaure su da igiya. Ƙanena yana zaure yana rubuta wasiƙu. Na buɗe ɗaya don in ga abin da zan ɗauka a wuyana. Rubutun Larabcin bai dame ni ba, duk sojan da ya gani zai ce addu'a ce, wataƙila ma ya roƙi ɗaya ya yi laya. Amma ga lambobin nan a kusurwa, kowane kati, sak irin na tela.

Zuciyata ta ce in tambaye shi. Wata zuciyar ta ce, kai ne babba, kai ka san hanya, shi takarda ya sani. In ka tambaye shi zai yi maka dogon Faransanci ya ce a bar su, gobe kuma bayanka ne zai sha. Ta biyun na bi, domin ita ta fi yabona.

Na wasa barho. Na riƙa ɗebo katunan dami dami, in daidaita su a kan kututturen da nake sara ƙashi, in danne da hannun hagu, in sauke kusurwar da sara ɗaya. Ko harafin Larabci ɗaya ban taɓa ba. Na mayar da kowane dami inda na ɗebo shi, ban juya ko ɗaya ba, domin na lura yana son tsari. Kafin la'asar na gama akwati huɗu. Guntayen suka cika kwarya. Wuta tana ci a gefe, ina da ƙafafun shanu da zan babbake, sai na juye guntayen a ciki. Kwali yana ci da kyau.

Matata ta yi farfesun ƙafar nan da yamma. Ƙanena ya sha kwano biyu, abin da bai yi ba tun zuwansa. Ya ce, “Yaya, yau babbakar ta yi kyau.”

Na ce, “Itace na musamman na samu.”

Na yi dariya ni kaɗai. Allah ya yafe mini wannan dariyar.

A hanya an tsayar da mu sau da yawa. Mafi yawansu leƙawa kawai suke yi su ga kamiyo babu komai sai warin kashin shanu. Bayan mun wuce Kara aka sa na sauke akwati ɗaya. Wani mai jajayen idanu ya zaro kati, ya riƙe shi kai a ƙasa, ya juya bayansa, ya ce mene ne. Na ce addu'o'in malaminmu ne. Ya jefa mini a ƙirji ya ce in ɓace. A wannan shingen akwai mutum uku zaune a ƙasa cikin rana, an cire musu riguna, ba wanda ya kalle su a cikinmu. Har yau ban sani ba ko da lambobin suna nan da na zama na huɗu, ko kuwa haka zai jefa mini ya kore ni. Na yi shekaru ina juya wannan, wata rana in ba kaina gaskiya, wata rana in hana.

Na iso Dapaong ina kumbura. Na tarar da shi a tsakar gidan mai masaukina, ya riga ni da yini ɗaya, yana zaune a kan turmi. Da ya ga akwatunan ya tashi ya rungume ni, abin da ba mu saba ba.

Na ce, “Mushe, ƙirga. Ko ɗaya bai ɓace ba. Kuma na yi maka gyaran da duk karatunka bai nuna maka ba.”

Ya buɗe na farko. Ya zaro kati, ya zaro wani. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe. Ya buɗe na biyu, na uku. Na huɗun bai buɗe ba, ya ɗora hannu a kai kawai.

Ya ce, “Yaya, ina guntayen?”

Na ce, “Waɗanne? Lambobin? Ai su ne masifar. Ka manta tela?”

“Ina suke?”

“Na ƙone su.”

Ya zaro ƙaramin littafin nan daga aljihu, ya buɗe, ya dube shi, ya dubi akwatin. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai karanta wa wani wasiƙar rasuwa. Ga sunayen gidaje a hannunsa, ga littattafai a akwati, amma abin da ke haɗa su babu. Littafi ɗaya yana iya kasancewa a gida ashirin, kowanne da hannun wanda ya kwafa, kuma sanin wanne ke ina shi ne aikin gaba ɗaya.

Na ce, “To ai a jere suke, ban juya ba.”

Ya ce ba gida gida ya jera su ba, fanni fanni ne. Na ce ba zai iya tunawa ba? Ya ce wasu.

Bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya je bayan ɗaki, na ji yana amai, ya dawo ya wanke baki ya tambayi mai gida ina alƙibla.

Ya ƙetara iyakar duk da haka, ya yi wata biyar, ya dawo da akwatunan. Malaminsa ya ce aikin da wani ba zai iya bin sawunsa ya je ya gani da idonsa ba, ba a ba da dokta a kansa. Da ƙasa ta ɗan lafa ya ce zai sake bi gida gida, na ce babur yana nan. Amma mutane sun canza. Wanda ya ga abin da takarda ta yi wa tela ba zai sake buɗe gafaka gaban mai alƙalami ba. Tsohon da muka je wurinsa sau bakwai ya rasu, 'ya'yansa sun raba littattafan kamar yadda ake raba nama, wannan ya ɗauki rabin farko, wancan rabin ƙarshe. A Kparatao muka tarar gara ta gama da tukunya guda. Wasu gidajen an kulle, masu su sun gudu ba su dawo ba. Bayan damina biyu ya daina cewa mu je.

Ya koma koyarwa, ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗalibansa suka zama daktoci, wasu suka zama shugabanninsa, shi yana nan Mushe. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tsayawa sayen nama wurina, bai san ko ni wane ne ba sai da hira ta kai. Ya ce malaminsu yakan shigo aji ranar farko da wani kati mai yankakkiyar kusurwa, ya ɗaga shi ya ce, wannan littafin yana nan a duniya, amma ba wanda zai ƙara samunsa. Ya ce ba ya faɗin wanda ya yanke. Na ƙara masa tsoka a kan abin da ya saya, na ce ya gaishe shi.

Da ya bar aiki ya dawo Koma, idonsa ya yi rauni, muka koma zama tare da hantsi kamar tsofaffin awaki biyu. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Wata rana ina ba shi labarin yadda na koyi rubuta sunana, ina kwaikwayon matan ajinmu don ya yi dariya, sai na ga bai yi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

Ya ce, “Ka san, Yaya, na daɗe da daina ganin laifinka. Shekara tara ina bayanka a babur, ban taɓa ganin ka kai a yi maka bayani ba.”