Yadda Munka Yi Cinikin Ɗakina

Gwaggona, ƙanwar babana, ba ta taɓa yanka wa ɗaki kuɗi daga waje ba. Sai ta shiga, ta tsaya tsakiya, ta shaƙi iska, ta kankari bango da farce, ta ɗaga kai ta dubi rufi. In mai gida ya cika surutu daga bakin ƙofa, sai ta ce masa: «Kai, bari in ji ɗakin tukun.»

Sana'arta ke nan a Keita, ni kuma na shige ta bayan shekarar da fara ta cinye hatsi. Lokacin gidaje rufaffu sun yi yawa a Adar. Wasu yunwa ta kore su, wasu lanho, wato haraji, da aikin tilas na Nasara. Mijina yana cikinsu: ya yi kudu wai zai samo abinci, har yau shiru. Da mutane sunka fara komowa, ba kowace mace ke iya shiga ɗakin da ya shekara a rufe ba. Sai a kira mu. Mu kakkaɓe yanar gizo, mu fasa gara, mu toshe ramin ɓera, mu yi hayaƙi kunama ta fita, mu shafe bango da laka, mu daɓe ƙasa.

Da hatsi ake biyanmu, da tiya, ƙwaryar awo ta kasuwa. Ɗaki tiya guda. Kowace damina da ya yi a rufe, a ƙara rabi. In jemage ya zauna ciki, wani rabi, don warin kashinsa sai ya kwana uku a hancin mutum. In kuwa an fitar da gawa daga ɗakin, kowane mutum tiya biyu. Ba son kai ba ne, aiki ne: sai mun kwashe ƙasar ɗakin duka, zurfin tafin hannu, mu kai bayan gari, mu ɗauko sabuwa daga gulbi da kai. Mutane sun yarda da bakin Gwaggo. In ta ce an mutu a ɗaki, an mutu. In ba ta sani ba, sai ta nemo wanda ya sani.

Bazarar nan aiki ya yi wuya. 'Ya ɗaya ta rage mini, mai shekara bakwai, kwana huɗu tana shan ruwan dusa da ganyen tafasa. Ta daina kuka ma, sai dai ta zauna jikin bango tana kallon turmi. Sai ga saƙo wai wani mai fataucin gishiri daga Madawa ya samu gida a wani ƙauye wajen Ibohaman, mai gari ya ba shi, yana son a gyara masa ɗaki kafin iyalinsa su iso. Da anka faɗi sunan ƙauyen, Gwaggo ta dube ni.

«Ki zauna, ni in tafi.»

«Ke kaɗai za ki ɗauki ƙasa daga gulbi? Da wane baya?» na ce.

Munka tashi da asuba. Ban tambayi wane gida ba. Ƙafata ce ta kai ni, har na riga Gwaggo shan kwana.

Gidan aurena ne. Darni ya faɗi, rumbu ya rufta, ɗakin yana nan. Mutumin yana tsaye yana jiran mu, dogo, mai fara'a, irin 'yan kasuwar nan da ke dariya suna yanka ka. Bai san ni ba. Na ɗauka in na ga ƙofar zan faɗi ko in yi ihu. Wallahi ko gezau. Abin da na lura da shi kawai, gara ta ci ƙyauren.

Gwaggo ta shiga, ta fito.

«Ɗaki, tiya guda. Damina biyu, guda. Jemage, rabi. Biyu da rabi.»

«Madalla, Inna. Ai mai gari ya ce mini mutanen gidan tashi sunka yi, ba wanda ya mutu ciki.»

Gwaggo ta sunkuya tana gyara ɗaurin tsintsiya. Na gane ta bar mini ne: in na yi shiru, ita ma shiru. Tiya biyu da rabi, mu raba biyu, kwana nawa za ta kai mu?

Na ce: «An fitar da mutum biyu.»

Ya juyo. «Ke wa ya gaya miki?»

«Ni na haife su.»

Ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙan su, Allah ya ba ni haƙuri. Na ce amin. Ya murza gemu. Sa'an nan ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka.

«To amma Inna, yara ne ke nan. Ai ba a yi wa yaro kuɗin babba ba.»

Gwaggo ta ce: «Yaron ya yi wayo?» Ni take tambaya, kamar ba ita ta yi mini wankan jegonsa ba. Haka aikin yake, sai an faɗa gaban mai biya.

«Shekara biyar. Yana kora awaki.»

«Tiya biyu cif,» in ji Gwaggo. «Wanda ya san sunansa, mutum ne. Kada ka sake ja da ni kan wannan.»

«Na ji. Ɗayan fa?»

«Mace ce. Shekara guda da 'yan watanni.»

Nan Gwaggo ta sassauta murya. Ta ce mini: «Ɗiyata, kin san jinjirin da ke nono ba a ƙirga shi. Jikin uwarsa ne, bai taka ƙasar ɗaki ba. An yaye ta?»

Da na ce e, an gama, tiya biyu. Ba mai ƙaryata ni, duk waɗanda sunka sani sun watse. Amma bakina ya ƙi. Ba tsoron Allah ba ne ma a lokacin, kada in yi wa kaina ado. Ban dai san amsar ba.

Na ce: «Ban yaye ta ba. Nonon ne ya ƙafe. Ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta sha ba.»

Wata akuya tana ta kuka bayan gida. Mutumin ya dubi ƙasa. Gwaggo ta daɗe tana lissafi da leɓe, don ba ta taɓa cin karo da irin wannan ba, kuma ita ba ta zaluntar kowa, ko mai biya ko mai karɓa.

«Rabin kuɗi,» ta ce. «Tiya guda. Duka biyar da rabi.»

Ya yarda, bai ƙara ja ba.

Kwana biyu munka yi. Ni na haƙa ƙasar, Gwaggo tana cika kwando. Na san inda kowa ya kwanta, na bi wurin da fartanya kamar ko'ina. Sau goma sha huɗu na sauka gulbi. Munka shafe bango, munka daɓe ƙasa har tana sheƙi. Tunda nake a ɗakin nan bai taɓa yin kyau haka ba. Mutumin ya auna mana yana cika tiya har tana zuba, ya kau da kai duk sanda na miƙa buhu.

A hanya Gwaggo ta ce ba za ta ɗauki ko ƙwara daga cikin ukun nan ba, biyu da rabi kaɗai za mu raba. Ban yi mata godiya ba. Ita ma ba ta jira ba.

Da munka isa, na surfa, na daka, na yi tuwo mai yawa. 'Yata ta ci da hannu biyu, tana ci tana kallona kada in ɗauke akushi. Ni ma na ci, ya wuce ba gardama. Da ta ƙoshi ta kwanta rigingine, cikinta ya tashi tim, ta ce:

«Inna, gobe ma ki koma gidan nan.»

Na ce mata aikin can ya ƙare.